Surukai Biyu a Cikin Kwamfutar Mataimaki

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Mataimaki kowa ke ce masa, har jikokinsa, domin tun da ya kama aiki a sashen ajiyar kaya na wata ma'aikata bai taɓa zama shugaban komai ba. Ya yi mataimakin magatakarda, ya yi mataimakin ma'aji, ya yi mataimakin shugaban sashe, a nan kuma furfura ta same shi. Ba wai bai iya aiki ba ne. Ya san inda kowace kujera da kowane kwalin takarda suke a ma'aikatar nan. Abin da ba ya so a rayuwarsa shi ne a ajiye masa abu biyu a ce ya ɗauki ɗaya. In aka tambaye shi farin fenti za a yi wa ofis ko ruwan ƙasa, sai ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya ce, "To, kowanne da amfaninsa." Kafin ya mayar da tabarau wani ya yanke hukunci, shi kuma ya yaba.

A gida ma haka abin yake. Matarsa, wadda duk unguwa ke kira Mama, ita ta zaɓi gidan da suke ciki, ita ta zaɓi makarantar yara, ita ke fitar masa da rigar da zai sa. 'Ya'yansu uku: Babba da Auta mata ne, sai namiji a tsakiya da ke aiki a wata ƙasa mai nisa. Babba ta auri wani mai aikin lissafin kuɗi da ake kira Akanta, mutum mai jiki da turare, wanda ba ya sayen abu sai da rasit. Auta ta auri malamin kwamfuta a kwaleji, siriri mai ɗan gemu, ana ce masa Injiniya duk da ko fanka bai taɓa gyarawa ba.

Da Mataimaki ya yi ritaya ya shiga ƙungiyar 'yan fansho, ba a yi wata-wata ba aka ba shi mataimakin shugaba. Yana zaune lafiya sai ciwon ƙafa ya kwantar da shugaban ana shirin taron shekara, aka ce shi zai gabatar da jawabi. Ɗansa ya ji labari, ya ce ba zai yiwu ubansa ya tsaya gaban jama'a da rubutun hannu ba, ya aiko masa da kwamfuta.

Ta iso a kwali mai sheƙi. Mama ta shimfiɗa mata ƙyalle a teburin falo, aka kunna, sai baƙin allo da 'yan haruffa farare. Suka kira ɗan a waya. Ya ce ai da gangan ya saye ta haka, ba a zuba mata babbar manhajar da ke tafiyar da ita ba, wadda in babu ita kwamfuta akwati ce kawai.

"Iri biyu ne, Baba. Akwai ta kamfani, ana biyan lasisi. Akwai ta kowa-da-kowa, masana ne suka haɗu suka rubuta, suka sake ta kyauta. Ka zaɓi wadda ta kwanta maka."

Mataimaki ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.

Ƙarshen mako surukan suka zo. Kowa ya durƙusa ya gaishe shi, suka zauna a kan kafet, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan, kai a sunkuye. Akanta ne ya fara, tun da shi ne babba.

"Baba, ba wai na fi kowa sani ba. Amma ta kamfani ita duniya ke amfani da ita. Banki ita, asibiti ita, ofishinmu ita. In ta lalace akwai wanda za a kama. Kayan kyauta kuwa, in ya cinye muku aiki, wa za ku kai ƙara?"

"Gaskiyarka," in ji Mataimaki.

Injiniya ya yi gyaran murya. "Allah ya ƙara wa Yaya girma, ya yi magana irin ta masu albashi. Sai dai Baba, wanda ya sa ta kamfani ɗan haya ne a cikin kwamfutarsa. Mai gida zai shigo lokacin da ya ga dama, ya leƙa ɗakuna, ya canza makulli. Ta kowa-da-kowa kuwa gidanku ne na kanku, ku buɗe ko'ina ku ga yadda aka gina. 'Yanci ke nan, Baba."

"Kai ma gaskiyarka."

Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Malam, taro fa ba zai jira ka ba."

Aka tashi ba a tsayar da komai ba. Da Litinin ta zo, Akanta ya biyo daga ofis, ya ce tun da Baba ya ce gaskiyarsa, ai an ba shi izini ke nan. Ya zuba ta kamfani. Ana cikin haka sai allo ya cika da rubutu ƙanana, a ƙasa an sa wurin da za a danna a ce an yarda.

"Wannan fa?" Mataimaki ya tambaya.

"Yarjejeniya ce, Baba. Dannawa kawai ake yi, ba wanda ke karantawa."

"Kai akanta ne kake faɗin haka?"

Ya jawo kujera, ya ɗauko ƙamus, ya shiga karatu. Kwana da kwanaki yana bin yarjejeniyar nan layi-layi, ya gano cewa abin da aka biya wa kuɗi ba nasa ba ne, aro aka ba shi, kuma in ta yi ɓarna kamfani ba ruwansa. Wanda Akanta ya ce za a kama ya riga ya rubuta cewa ba za a kama shi ba. Mama ce ta gaji, tana cikin goge tebur ta sa yatsa ta danna. Ta ce ita ta yarda, in kamfani na da magana ya zo ya same ta.

Mataimaki ya fara rubutu da yatsa ɗaya. Gaishe-gaishen manyan baƙi kaɗai sun cinye shafi guda, don ba ya son wani ya ce an manta da shi. Wata safiya yana tsakiyar yabon tsohon shugaba sai kwamfutar ta sanar cewa tana sabunta kanta, kada a kashe ta. Ya ɗora hannu a gwiwa ya zauna, kamar mai jiran ganin darakta, har rana ta take. Da yamma ya ba Auta labari a waya, da wasa ma ya faɗa. Kashegari sai ga Injiniya da ɗan filashi mai ɗauke da manhajarsa a aljihu.

"Kun gani ko, Baba? Mai gida ya shigo."

Ya ce zai 'yanta kwamfutar. Daga nan ya juyo ya tambayi Baba wane iri yake so, domin ita ta kowa-da-kowa ba ɗaya ba ce, ta haifi 'ya'ya da jikoki, kowane rukuni na masana da nasa. Mataimaki ya kama hannun kujera. Da Injiniya ya ga launin fuskarsa sai ya zaɓa masa da kansa. Ya zuba, ta tashi da sauri abin sha'awa, amma jawabi ya tafi tare da mai gida.

"Ba ku ajiye kwafi ba, Baba?"

"A ina ake ajiyewa?"

Ya sake gaishe da manyan baƙi tun daga farko. Ya ji daɗin sabuwar, ba ta tsayar da shi, ba ta neman ya yarda da komai. Sai ranar da ya so ganin shafinsa a takarda. Firinta ta yi gum. Injiniya ya zo ya buɗe wata baƙar taga a allo, yana ta buga kalmomin da ba na mutane ba, zufa na ɗiga daga gemunsa, yana cewa ƙaramin abu ne. Da abin ya ƙi, ya ce a tambayi 'yan'uwa masana a dandalinsu na intanet, ai don haka ake ce mata ta kowa-da-kowa. Amsoshi kuwa suka zo. Na farko ya ce wa ya aike su su sa wannan iri. Na biyu ya ce na farko jahili ne. Na uku ya ce a jefar da firintar, masu ƙera ta maƙiya 'yanci ne. Mataimaki ya ce tun da ya bar aiki bai ga taron kwamiti mai kama da na gaske ba sai yau.

Labari ya kai wa Babba cewa an goge aikin mijinta. Ta kira Auta ta ce mata ta ja wa mai gemunta kunne. Auta ta ce gara gemu da tumbi. Akanta ya dawo, ya durƙusa ya yi gaisuwa har da tambayar ƙafar shugaba, sannan ya mayar da ta kamfani, jawabi ya sake tafiya. Mataimaki ya sake kama gaishe-gaishe daga farko. Ba jawabin ne ya dame shi ba, don ya riga ya haddace gaishe-gaishen. Abin da ya hana shi cin abinci shi ne 'ya'yansa mata sun daina zuwa rana ɗaya. In Babba ta ji Auta na gidan sai ta ce kanta na ciwo. A ransa ya san duk wadda ya ɗauka a cikin manhajojin nan, 'ya ɗaya ya ɗauka ya bar ɗaya.

Mama ta kira surukan biyu, ta zaunar da su a gaban teburin, ba shayi ba ruwa.

"Ɗaki ma in ya yi wa yara kaɗan labule ake sawa a tsakiya. Wannan abar ba a raba ta?"

Injiniya ya sosa ƙeya ya ce ana rabawa. Akanta ya ce bai ga laifin haka ba. Suka raba cikinta biyu, kowa ya zuba tasa, suna miƙa wa juna waya da "bismillah, Yaya" da "na gode, ƙanena" ba tare da sun haɗa ido ba.

Da Mataimaki ya kunna, sai ga layi biyu a allo, ana neman ya zaɓa. Ya zuba ido, ya kai hannu ya janye. Can sai kwamfutar ta gaji da jira, ta ɗauki na sama ta wuce. A ranar ya fara ƙaunar na'urar nan. Matsalar kawai ita ce duk surukin da ya zo gaisuwa sai ya faki ido ya mayar da tasa sama. Ta haka jawabi ya rabu, rabi a ɗakin Akanta rabi a ɗakin Injiniya, shi kuma mai jawabin bai san ƙofar da ke tsakani ba.

Ana gobe taro Babba da Auta suka haɗu dole, suka tono rabi da rabi suka haɗa, aka buga. Ba wanda ya duba. Sai da Mataimaki ya tsaya a zauren taro, fanka na kaɗa takardunsa, ya ga duk inda harafi mai lanƙwasa yake ya koma ɗan akwati. Ƙungiya ba ta da kai, ɗan'uwa ba shi da kai, ƙoƙari kuwa akwati biyu ne. Shi kuma mutum ne da ba ya karanta abin da ba a rubuta ba. Duk inda ya iso akwati sai ya tsaya, ya haɗiyi yawu, ya yi tari, sannan ya wuce. Tsofaffin suka ɗauka tausayin shugaba ne ya shaƙe shi, wata tsohuwar malamar jinya har da share hawaye. Da ya shiga rabi na biyu sai ga gaishe-gaishe sun sake dawowa daga farko, manyan baƙi suka sake ɗaga hannu cikin jin daɗi. Maganar ƙarin fansho, wadda ita ce dalilin taron, tana cikin wani fayil da ba a gano ba. Aka yi masa tafi mai tsawo. Wani tsohon direba ya kama hannunsa ya ce bai taɓa jin jawabin da bai ɓata wa kowa rai ba sai wannan.

Akanta ya ce akwatunan daga ɗakin Injiniya suka fito, Injiniya ya ce ko makaho ya san aikin kamfani ne. Mataimaki ya gode wa kowannensu a keɓe, ya ce masa ba don shi ba da an ji kunya. 'Ya'yansa mata suka koma zuwa tare.

Bayan wasu makonni Auta ta shigo da hantsi ba sallama, don ta ɗauka ubanta na barci. Manhajar mijinta ce a layin sama, don ya zo jiya. Daga bakin ƙofa ta hango ubanta ya waiga hagu ya waiga dama, ya miƙa yatsa da sauri ya sauko layi na ƙasa ya danna.

"Baba!"

Ya zabura. "Ƙura nake gogewa."

Ta matso. Ta kamfani ta buɗe, ga teburin karta kore shar a allo, an jera katuna. Ashe ya gano wasan a ɗakin Akanta, kullum in Mama ta tafi kasuwa sai ya buga.

"Ta mijinki ta fi sauri," ya ce da ƙaramar murya. "Wallahi ta fi. Kada ki gaya masa."

Auta ta yi dariya har ta dafa bango. Ba ta ce masa ɗakin mijinta ma akwai karta ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta nuna masa jar bakwai da ya kamata ya ɗora a kan baƙar takwas.