Duniyar Na-Sama

Mai gyaran tabarau ne, shagonsa bai fi akurkin kaji ba, amma bakinsa kullum yana can cikin taurari, shi ya sa duk layin ake ce masa Na-Sama. Ka kai masa tabarau mai karyayyen hannu, sai ka sha labarin sararin samaniya har ka ƙoshi kafin ya ɗaura maka sukuru guda.

Abin alfaharinsa a rayuwa shafi ɗaya ne a kundin ilimi na intanet, irin wanda kowa ke iya rubutu a ciki. Wasu masana sun taɓa cewa sun hango wata duniya tana zagaya wani tauraro mai nisa. Gogan naka ya yi wuf ya rubuta mata shafi, ya sa kalmar "duniya" ɓaro-ɓaro a take. Tun daga nan yake lallaɓa shafin fiye da 'ya'yan cikinsa. Ranar da babbar 'yarsa ta haihu ma sai da ya gyara wata jimla kafin ya nemi hanyar asibiti.

Kwatsam wasu masanan suka ce ƙila tarin ƙura ne kawai. Masu gyara kundin suka buɗe muhawara: a bar sunan, ko a mayar da shi "abin da ake zaton duniya ce". Na-Sama ya ji kamar an sheganta masa ɗa a gaban jama'a, tsoro ya kama shi sosai.

Ƙa'idar wurin ita ce hujja ake aunawa, ba a ƙirga kawuna, kuma mutum ɗaya murya ɗaya. Ya san haka sarai. Amma sai ya tattaro matarsa, ƙanensa direba da mai askin da ke maƙwabtaka da shi, ya jera su gaban tsohuwar kwamfutar shagon, ya buɗe wa kowa asusu a kundin.

"Baban yara, ni da ban san inda abin yake ba, me zan ce?" in ji matar.

"Ke dai ce a bar shi."

Mai aski ya sosa ƙeya. "Maigida, wai akwai mutane a duniyar nan?"

"Babu."

"To wa za a ɓata wa rai in an canza?"

Na-Sama ya harare shi, ya janye madannan kwamfutar, ya rubuta wa kowa da hannunsa. Wayo ke nan, a ganinsa.

Ba a daɗe ba mai kula da muhawarar ya lura: sababbin asusu, kwamfuta ɗaya, magana iri ɗaya kamar an buga da hatimi. Ya soke su duka, har da doguwar hujja ta gaskiya da Na-Sama ya riga ya rubuta da sunansa, ya toshe shi daga kundin, aka canza sunan.

Na-Sama yana cikin goge gilashin wani tabarau lokacin da ya karanta hukuncin. A ƙarshe mai kulawar ya ƙara da cewa kafin wannan taron ya shigo, hujjar masu son a bar sunan ce ke kan gaba, kuma mafi ƙarfi a ciki ita ce ta Na-Sama da aka soke.

Ƙanen ya leƙo ta taga yana murmushi. "Yaya, mun ci?"

Na-Sama ya ci gaba da goge gilashin da ya riga ya fita tas.