Wanda Ya Ɗora wa Malam Isyaku Murya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talatar makon jiya ina shagona a kasuwar Chow Kit, ina ɗaure kwalayen da za a tura Kano, sai wayata ta yi ƙara, sunan Malam Isyaku ya bayyana a kanta. Na ɗauka da niyyar yi masa ƙorafin makara, domin mun yi da shi zai kira ni tun da safe in je mu zauna aiki. Sai na ji muryar wani dattijo yana magana da harshen Malay cikin gaggawa. Na ce, "Isyaku, bar wasan nan, aiki na jiranmu." Duk wanda ya san marigayin ba zai ga laifina ba, mutum ne da ake yi wa laƙabi da Murya Goma, kuma ya sha kirana da muryar ɗan sanda ko ta tsohuwa don ya ga hankalina ya tashi. Wannan karon ba shi ba ne. Mai shagon shayin mamak ne, irin na Indiyawa Musulmi, na kusa da gidansa a unguwar Sentul, ya lalubi lambar ƙarshe da aka kira a wayar. Ya ce mai wayar ya yanke jiki ya faɗi a bakin shagonsa, kuma kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa.

Malam Isyaku ya zo ƙasar nan ta mutanen Malay ne karatun digiri a jami'ar da ke Lembah Pantai, da tallafin gwamnati. Tallafin ya tsaya a tsakiyar hanya, karatun ya tsaya tare da shi, ga mata ga 'ya'ya mata biyu. Da yawa a irin wannan hali suna tattara kayansu su koma gida. Shi sai ya duba abin da Allah ya ba shi, ya ga maƙogwaro ne, ya kama sana'ar fassara finafinai zuwa Hausa, yana ɗora murya a kansu yana aikawa gidajen kallo na Kano da Kaduna. Manyan finafinai suna da masu yi musu fassara a can gida. Abin da ya rage masa shi ne wanda kowa ya raina, wato ƙananan finafinan 'yan daba da ake yi a nan da kuɗi kaɗan, na yara matasa masu babura da adduna.

Ni kuwa ban yi boko mai zurfi ba. Duk abin da na sani daga ƙananan littattafan da ake shimfiɗawa a ƙofar masallaci na koye shi, hukuncin alwala da gyaran rediyo da Turanci, daga baya kuma harshen Malay, wanda zaman kasuwa ya ƙarasa min. Malay ɗin Malam Isyaku na jami'a ne, yaran finafinan kuwa na titi suke yi. Shi ya sa ya nemi in riƙa rubuta masa ma'anar abin da suke faɗa, layi bayan layi. Ya lura ba na barin kalma ta wuce ban tabbatar da ita ba, sai ya sa min suna Alƙali, kuma da wannan suna ya kira ni har ya koma ga Allah.

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, ba zan kuma yi wa finafinan ado ba. Ba su da kyau. Kusan dukkansu a ƙarƙashin gada ɗaya ake yin su, ko a wajen ajiye motoci na wani bene da ba a gama ginawa ba. Yaro ya bar makaranta, ya shiga ƙungiya, an sari abokinsa, ya je ramuwa, an sare shi. Jinin jan sirop ne, wato ruwan sukari, har ƙuda na binsa. Akwai fim ɗin da yaro ɗaya ya mutu sau biyu, an dai canza masa riga. Malam Isyaku ya san haka fiye da kowa. Yakan ce, "Alƙali, jinin na sirop ne, amma yaron da zai kalla a Kano na gaske ne."

A ɗan ɗakin ajiya na gidansa muke aiki. Ya manna kwalayen ƙwai da tsofaffin barguna a bango don su tare ƙara, kuma dole a kashe fanka idan za a ɗauki murya, sai mu fito sharkaf kamar waɗanda ruwa ya daka. Idan jirgin ƙasa ya taso sai a dakata ya wuce. Idan yaran suka dawo daga makaranta suna surutu da Turanci da Malay, sai ya leƙa ya ce, "Safiyya, ku yi haƙuri, Baba yana kashe mutane." Shi kaɗai yake yin muryar shugaban daba, da ta yaron da ake zalunta, da ta uwar da ke kuka, da ta ɗan sandan da kullum sai an gama yake isowa.

Saɓaninmu guda ɗaya ne, kuma mun shekara da shekaru muna yinsa. Duk yaron da zai mutu a fim, ko me ya faɗa a asali, Malam Isyaku kalmar shahada yake ɗora masa a baki. Yawancinsu da ashar suke cikawa, ko da rantsuwar ɗaukar fansa. Ni zan rubuta abin da suka faɗa daidai, shi kuma ya karanta, ya ajiye takardar, ya tashi ya yi alwala, ya dawo gaban makirfo ya yi kalmar da muryar mai fitar rai. Na ce masa fassara amana ce, ba a sa wa mutum abin da bai faɗa ba. Wata rana har na tsayar da hoton na nuna masa, na ce, "Malam, dubi abin da ke wuyan yaron nan. Wannan fa ba Musulmi ba ne."

Ya ce, "To yanzu ya zama. Baƙin ciki kake yi masa?"

Na ce, "Ba a fim ake musulunta ba."

Ya ce, "Ba a fim ake mutuwa ba ma, Alƙali, amma ga shi kana kallo. Ni dai wanda ya mutu a hannuna ba zai tafi da ashar a bakinsa ba."

Daga baya ya yi min bayanin da ya fi wannan nauyi. Ya ce yaran da ke cika gidajen kallo suna haddace maganganun fim, suna maimaitawa a lungu, kuma wasunsu irin wannan mutuwar ce ke jiransu. Idan har za su kwaikwayi yadda ake faɗuwa, gara su kwaikwayi abin da ake faɗa. Ya kuma nuna min wani abu na sana'arsa, cewa kashin farko na kalmar ba ya buƙatar leɓe ya haɗu da leɓe, shi ya sa take hawa kowane bakin da ke buɗe. Ban gamsu ba a lokacin. Na ci gaba da rubuta ashar ɗin, shi kuma ya ci gaba da ajiye takardar.

Mutanenmu na nan ba su ɗauki sana'arsa da daraja ba. Ɗalibai da yawa shi ya tarbo su daga filin jirgi, ya koya musu hawa jirgin ƙasa, ya nuna musu inda ake samun garin masara da kuɓewa a Chow Kit, matarsa ta ciyar da su tuwo har suka san gari. Da suka zama daktoci, gaisuwar wasu ta gajarce. A wata walimar suna a unguwar Pantai Dalam wani ya ce masa a gaban jama'a, "Malam Isyaku, har yanzu ana koya wa yaranmu sara?" Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya ce, "Dakta, ni jana'iza kawai nake yi musu." Amma a cikin bas da muke komawa sai ya ce min, "Alƙali, na gaji. Wallahi ban sani ba ko gyara nake yi ko ɓarna. Idan na bari wani zai ɗauka ya ƙara musu ashar, idan na ci gaba ni ne mai kai musu adda har gida." Wannan hukunci yana wurin Wanda ya koma gare Shi.

Bayan mun dawo daga maƙabarta, ina zaune a falonsa cikin masu ta'aziyya, matarsa ta aiko a kira ni bakin labule. Ta ce, "Malam Ado, kowa yana ce min ya yi kyakkyawan ƙarshe, amma babu wanda yake wurin. Kai na san ba ka faɗar abin da ba ka tabbatar ba. Baban Safiyya ya samu kalma?"

Na ce, "Maman Safiyya, ban sani ba. Amma zan bincika."

Ta ce, "Ka bincika. Ko me ka samo ka gaya min yadda yake."

Tun daga lokacin abinci ya daina shiga min. Mutumin da ya sa wa ɗaruruwan yaran ƙarya kalma a baki, a ce shi ya faɗi a bakin titi a ƙasar mutane babu mai laƙƙana masa? Idan haka ne, da wane baki zan gaya mata? Idan kuma na rufe, na ci amanar da ta sa ta zaɓe ni.

Na je wurin mai shayin. Ya ce shi yana can ciki wajen tukunya, fitowa ya yi ya tarar da taro, sai ya nuna min wani tebur a gefen titi, ya ce in tambayi waɗancan. Matasa ne biyar ko shida, baburansu a jere, gashin wasu a rine, hayaƙin taba na tashi. Irin waɗanda na shekara ina fassara zaginsu ne, kuma ban taɓa yi wa ɗayansu magana ido da ido ba. Na tsaya na daɗe ina gyara hulata kafin na yi sallama. Suka amsa gaba ɗaya. Wani siriri mai tabon salansa a ƙwauri ya ɓoye tabarsa a baya, ya miƙe, ya kira ni pakcik, wato baffa.

Na tambaye shi game da baƙin mutumin da ya faɗi. Ya ce, "Wanda ke sayen shayi a leda kullum? Ni na riƙe shi, pakcik. Mutane sun tsaya suna ɗaukar hoto da waya, ni kuma na ga idonsa ya juya. Haka kakana ya yi. Kakata ta ce idan ka ga haka kada ka yi ihu, ka faɗa masa a kunne a hankali. Sai na ɗora kansa a cinyata na yi ta faɗa."

Na ce, "Ya maimaita?"

Ya ce, "Bakinsa yana motsi, amma babu sauti."

Na ce, "Yaya yake motsin? Leɓensa ya haɗu, ko a buɗe yake?"

Wani daga cikinsu ya yi dariya ya ce, "Pakcik ɗan sanda ne?" Siririn ya harare shi, sannan ya ce min, "Ban lura ba. Ni dai duk lokacin da bakinsa ya motsa sai in faɗa, har ya daina motsi." Na tambayi sunansa, ya ce, "Ba komai, pakcik." Na ce zan biya musu shayi, suka ƙi, suka ce su ne ya kamata su saya min.

Na koma gida na fito da littattafaina, duk wanda ya yi magana a kan mai jinya da mai fitar rai na duba shi. Sun faɗi yadda ake laƙƙanawa, sun faɗi falalar wanda ya cika da ita. Babu wanda ya faɗi hukuncin mutumin da bakinsa ya motsa wani ya ba shi sauti. Na tambayi limaminmu, ya ce Allah yana jin abin da kunne bai ji ba, in bar wahalar da kaina.

Ranar addu'ar uku na koma bakin labulen. Na gaya mata kamar yadda aka gaya min, ban ƙara ba, ban rage ba. Na ce ban samu wanda ya ji muryarsa ba. Na ce bakinsa ya motsa, wani yaro mai babur kuma ya ɗora masa kalmar a kai har ya cika. Sannan na ji ta ce, "Ai shi ma haka yake yi musu." Ta ce Alhamdu lillahi, ta kira Safiyya ta ce a kawo min abinci. Na ci.

Fim ɗin da muka yi alkawarin zama a kansa ranar Talatar yana nan a kwamfutarsa, saura mutuwar ƙarshe. Na riga na rubuta abin da yaron ya faɗa. Jiya na ɗauko takardar na duba, na ajiye ta.

Ya Allah, ga bawanka Isyaku ya zo maka daga ƙasar da ba tasa ba. Kai ka san abin da harshensa ya yi a lokacin da babu wanda ya ji, ka karɓa daga gare shi. Ka gafarta masa abin da ya ɓata cikin sana'arsa, ka ninka masa abin da ya yi nufin gyarawa, ka yalwata kabarinsa, ka sa ya huta. Ka ba Maman Safiyya haƙuri, ka raya Safiyya da ƙanwarta cikin imani, ka zama gatansu a nan ko a gida. Yaron nan da ya ƙi faɗar sunansa, kai ka san shi, ka tsare shi a kan titi, ka shirye shi da abokansa da yaranmu na gidajen kallo. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, ka ba mu ikon faɗa, idan murya ta gaza ka kawo mana mai faɗa a kunne. Amin.