Rijiyar da Yaya Balarabe Ya Rufe

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar yayana Balarabe, kuma har yau in na ga ana haƙa burtsatse dab da masai sai in tsaya ina tunanin abin da zai ce.

Da ya samu gurbin karatun kimiyyar lafiya a jami'a, a farkon shekarun tamanin, duk Ƙofar Galadima ta ɗauka mun yi likita. Mahaifinmu, Malam, har rago ya yanka. Da ya gama sai ga shi da takalmin roba da kwalaben ɗibar ruwa, yana leƙa randuna da kwatami. Ashe lafiyar muhalli ya karanta, wato duba-gari ne mai digiri. Ni kaina, ina budurwa a lokacin, kunyar aikin nake ji. Yakan yi mini dariya ya ce cikin 'yan ajinsu akwai mai gwajin jini, akwai mai ɗaukar hoton ƙashi, shi kuwa ya zaɓi ya tare cuta tun a bakin zaure.

Rijiyar gidanmu kakanmu ya haƙa ta. Rabin unguwa a nan ke ɗiba, kuma da ruwanta Malam ke wanke allo ya ba marasa lafiya rubutu. Wata damina amai da gudawa ya shigo lungunmu. Yaya ya ɗebi ruwan ya kai gwaji, aka gano masan maƙwabta na tsatsafowa ciki. Ya roƙi Malam a daina sha. Malam ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Kwana uku bayan nan Yaya ya dawo da takardar ofis, ya sa murfin ƙarfe, ya danna kwaɗo a gaban jama'a.

Malam bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi a raba musu kwano, alhali tun Yaya na ƙarami tare suke cin tuwo. Kullum da safe Yaya na kawo jarka biyu daga famfon Gyallesu a kan babur, Malam ya amsa gaisuwa, ya yi alwala da ruwan, shi ke nan. Aka ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, to wannan saɓanin shekara shida ya yi. Muna jiran a haɗa kwanon, sai hatsarin mota ya ɗauke Yaya. Wannan abu har yau yana ci mini rai.

Yanzu 'yata ta uku na karanta fanninsa, ba kuma wanda ya yi mata gori. Ina so in san yadda Yaya zai kalli fiya wata, da ledojinta da suka toshe kwatamin birni. Zai ce an ci gaba, ko zai nemi a kai shi inda ake ɗura ta? Na fi zaton na biyun.

Bai bar asibiti da sunansa ba, ba kuma mai cewa shi ya warkar da ni, domin wanda aka tsare bai san an tsare shi ba. Abin da ya rage mini shi ne abin da na gani da idona. Shekara guda da rasuwarsa famfo ya ɗauke, dattawan unguwa suka zo suka ce ai mai hanawa ya tafi, a fasa kwaɗon. Ina bayan ƙofar zaure. Daga nan na ji amsar Malam.

"Ku yi haƙuri," in ji shi. "Wanda ya rufe ta, shi zai buɗe."