Abdulsamad, Mai Duba Ƙasan Buhu

Kullum da hantsi Abdulsamad kan buɗe shagonsa na intanet a Kura, ya lallaɓa tsohon janareto har ya yarda ya tashi. Tun 2003 yake bincika wa mutane abin da ya dame su, ya fassara musu da Hausa. Mun daɗe muna yi masa tsiya kan wata ɗabi'a: ba ya fara karanta shafi daga sama, sai ya gangara ƙasa ya ga na wane ne. In an tanka ya ce, "A Kura aka haife ni. Wa ke sayen shinkafa bai tura hannu ƙasan buhu ba?"

Bara ina zaune a shagon sai Malam Badamasi, manomin tumatir daga Bunkure, ya shigo. Tun rasuwar jaririnsu matarsa Indo ta daina cin abinci, ta bar sana'arta ta turara shinkafa, har ta fara cewa gara ta bi yaron. An kwatanta masa wani shafi kan ciwon damuwa, mai tambayoyi da sunan ƙwayar sha. So yake ya sayo ta a kyamis a ɓoye, kada gari ya ce Indo ta haukace.

Abdulsamad ya gangara ƙasa. Ashe kamfanin da ke yin ƙwayar shi ne mai shafin. Ya juyo ya yi mini tambayoyin, ni da ba na barin ko loma a kwano. Ni ma shafin ya ce in nemi ƙwayar.

"Baba, mai kaya ne ke yabon kayansa," ya ce wa Malam Badamasi. "Ciwon Inna Indo gaskiya ne, kuma yana da magani. Amma sai likita ya gan ta."

"Abdu, kunyar fa?"

"Kunya ba ta kai rai ba."

Ya rufe shago, ya raka su asibiti a Kano, ya ci gaba da leƙa su har ta samu sauƙi.

Kai ne ɗan halak, Abdulsamad, kuma ina alfahari da kai. Yanzu da kake shirin barin shago ka koma noman rani, mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu bincika wa jama'a, ku koyi tambayar wane ne mai shafi kafin ku miƙa maganarsa.

Ranar kasuwar Bunkure na ga Indo tsaye kan buhunta, tana dariya, tana ce wa mai saye, "Tura hannu har ƙasa."