Kuskuren da Kawu Ya Zaɓa

Kawuna direba ne. Abokan aikinsa Sannu-Sannu suke ce masa, don ko kaza ce a titi sai ya tsaya ta gama shawara. Shekara ashirin da biyu yana tuƙa manajojin wani kamfanin fulawa: manaja biyar, mota bakwai, ko fitila bai taɓa fasawa ba. Da kamfanin ya rufe sai ya dawo zaman benci a ƙofar gida, ga 'ya'ya shida, ga buhun shinkafa kullum yana ramewa.

Intabiyu uku na samo masa. Biyu sun rushe a kan tambaya guda: "Faɗa mana wani kuskure da ka taɓa yi a wurin aiki." Kawu yakan gyara hula ya ce, "Babu."

"Haba Kawu, ba a cewa babu!"

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "direba ba ya amsa laifi. Ko kai ka daki mutum ta baya, da faɗa za ka fito. Wanda ya fara ba da haƙuri shi ke biyan gyara."

"Can titi ne. Nan ofis ne."

Na ukun wata makaranta ce mai neman direban bas ɗin yara. Na zaunar da shi a falo, na tatsi kuskure ɗaya daga bakinsa da ƙyar: ya taɓa fita tafiya bai duba safaya ba, taya ta yi faci, safayar kuma babu iska. Na raba masa amsar gida uku: abin da ya faru, yadda ya gyara, abin da yake yi yanzu kowace safiya. Muka yi ta maimaitawa har matarsa ta fara ba da amsar daga kicin.

Ranar na raka shi, na zauna a baranda. Ƙofar ofishin ba ta rufu sosai ba, ina jin komai. Shugabar makarantar ta yi tambayar, Kawu ya zubo amsar tsaf, gida uku. Har na fara murmushi.

"Madalla, Baba," in ji ta. "Ina son mai gaskiya. Akwai wani?"

Tunda yake, ba a taɓa yabonsa a kan laifi ba. Sai na ji ya jawo kujera.

"Ai ranki ya daɗe, wannan ƙarami ne. Akwai ranar da na manta surukar manaja a gidan mai. Ta shiga banɗaki ban gani ba, na ja mota. Ina ta yi mata hira, ina cewa yau Hajiya ta yi shiru. Sai da na shiga wani gari na waiwaya."

Sai na ji shugabar ta ce:

"Baba, yara talatin da biyu bas ɗinmu ke ɗauka. Wasu ko ƙugunka ba su kai ba."

"Ai tun ranar nake waiwayawa."

Muna fita ƙofar makarantar na tare shi. "Kawu, wa ya aike ka?"

"Ke kika ce kuskure suke so. Na ba su mai kyau."

"Guda ɗaya na ce! Ɗaya!"

"To ita ta nemi ƙari. In hana ta?"



Bayan mako suka kira. Bas ɗin an ba wani. Kawu kuwa sun ce in yana so, ga akori-kurar da ke ɗauko kujeru da kayan kicin, ba kullum ba, sai ranar da akwai kaya. Ya karɓa nan take, har da yi musu addu'a a waya. Matarsa ta ce in gode wa Allah. Na gode. Amma duk safiyar da bas ɗin nan ya wuce ta layinmu, da wani saurayi a sitiyari yana taka birki kamar yana kashe kunama, sai in rufe taga.