Ba Sammu Mahaifina Ya Taka Ba

A lokacin ni ne babban ɗa a gidanmu, can wajen Gozaki, ga ni da zafin rai, in na kafe ba mai tanƙwara ni. Mahaifina ya manyanta amma bai saki gona ba. Sai hannuwansa suka fara mutuwa, fartanya tana suɓuce masa. Can ƙafafu suka kumbura, in ya kwanta numfashi ya gagara, sai dai ya yi barci jingine da bango. Mutane suka ce ai sammu ya taka, kuma kowa ya san a daminar nan sun yi sa-in-sa da ƙanensa, baffana, kan iyakar gona. Wallahi ban tsaya tunani ba. Na je har ƙofar gidan Baffa, a gaban 'ya'yansa na kira shi azzalumi, na ce kada ƙafarsa ta sake taka gidanmu.

Mun yi ta masa hayaƙi da saiwoyi, ciwo sai gaba yake yi. Da ƙyar muka kai shi Funtua, aka tura mu babban asibiti. Bayan gwaje-gwaje likita ya zaunar da ni, ya ce akwai wani sinadari da hanta ke yi, guda huɗu ne riƙe da juna, aikinsu dakon bitamin A da sinadarin maƙogwaro a cikin jini. In riƙon ya yi sako-sako sai su rabu, su lanƙwashe, su cukurkuɗe kamar zaren auduga, su taru a naman zuciya da jijiyoyi har zuciya ta sandare. Ya ce wani lokacin tsufa ne, wani lokacin gado, kuma mun makara. Kaico!

Bayan mun binne mahaifina na tafi neman gafara, na tarar da Baffa jingine da bango, ƙafafunsa suntuma-suntuma. Bai yi mini faɗa ba, ya dai tambaya ko yayansa ya neme shi kafin ya cika. Ya neme shi, ba sau ɗaya ba. Ni ne nake ce masa Baffa ya ƙi zuwa.

Baƙin cikin nan har yau bai sake ni ba. Don Allah, duk wanda tsohonsa ya fara kumburin ƙafa da haki, ya kai shi asibiti tun da wuri, a duba 'yan'uwansa ma, kafin a ɗora wa wani laifi. Baffa ya yafe mini. Wanda na yi wa ƙaryar kuwa, ba ni da inda zan same shi.