Cibiya a Haɓar Zane

Kwanan ɗana shida a duniya cibiyarsa ta faɗi. Na tsince ta cikin tsumma, baƙa, 'yar mitsitsiya kamar busasshiyar kuɓewa. A dangin mijina ba a yar da ita. Ajiyewa ake yi sai an yi arba'in, a kai gidan kakan yaro a Kukuo a binne a tsakar gida. Sun ce yaron da cibiyarsa ta ɓata ba ya zaman gida, ƙafarsa ta dinga ƙaiƙayi ke nan har ya tsufa a ƙasar wasu.

Haihuwar fari ce, ina wankan jego a gidanmu a unguwar Nyohini cikin Tamale, komai tsoro yake ba ni, har atishawar yaron. Na rasa inda ɓera ba zai kai ba, sai na ƙulle ta a haɓar wani tsohon zanen goyo na Mma, mahaifiyata, na cusa ƙasan akwati. Ban gaya wa kowa ba.

A kwanakin ne wata mata take bin gidaje tana roƙon tsofaffin zannuwan goyo. An ce ubanta ɗan Tamale ne, amma a Ingila aka haife ta, kuma aikinta ke nan, ta haɗa kaya ta rataye mutane su zo kallo. Ranar da ta shigo gidanmu ina bayi, muryarta kawai na ji.

Bayan mako guda na buɗe akwati. Babu zane.

"Mma, ina shuɗin zanen nan mai kifaye?"

"Wannan tsumman? Na ba baƙar Baturiyar nan. Wai za ta ɗinke su wuri guda ta kai ƙasarsu a gani. Ke kuma lafiya?"

Da na faɗa mata sai ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ke wace irin yarinya ce? Ki ajiye abu irin wannan, bakinki ƙum?"

Mai jego ba ta fita kafin arba'in. Mma ta ce in zauna ita za ta je gobe. Gobe! Tana shiga madafa na goya yaron, na ja mayafi har goshi, na tsayar da yalo-yalo, babur ɗin haya mai ƙafa uku, zuwa Gumbihini, inda aka ce matar ta kama wani tsohon sito. Duk ramin da muka faɗa sai na ji kamar ɗinkina zai buɗe.

Ina shiga na ja da baya. Zannuwa ne daga rufi har ƙasa, an ɗinke su da juna sun zama bango, ban san iyakarsu ba. Tsakiyar kowanne ta koɗe daidai inda yaro ke zama, sai ka ce yanzu aka sauke su. Wurin yana warin nono da man kaɗanya da tsohon fitsari. Iska ta shigo ta taga, bangon ya kumbura ya saɓe kamar mai numfashi. Na ce a raina, gumin 'ya'yan mutane ne wannan duka a hannun baƙuwa. Boka ma me zai nema bayan haka?

Ta fito daga bayan zannuwan, doguwa, da wando, allura a baki. Hausarta a karye take.

"Sannu, sista. Kana so ka gani? Ka zo da kyau, jibi ya tafi Accra, daga nan jirgi."

Jirgi. Na zauna a kan wani bokiti. Na ce mata akwai abina a ƙulle a ɗaya daga ciki.

"Ƙulli da yawa," in ji ta. "Ni ba na kwance. Ba nawa ba."

Muka bi bangon layi-layi. Shuɗi ya fi goma, babu mai kifaye. Yaron ya fara kuka, nono ya jiƙa mini riga, ban tsaya ba. Sai can sama, dab da kwano, na hango wutsiyar kifi, da haɓar tana lilo.

Ta jingina tsani ta hau. Na ga ta kai hannu ga ƙullin, na ƙwala ihu, "Kar ki kwance! Yanke!" In cibiyar ta faɗo cikin tarin ƙyallayen da ke ƙasa, wa zai gan ta? Ta yanko haɓar gaba ɗaya ta miƙo mini. Na juya baya na kwance da haƙori. Tana nan.

Ta tambayi mene ne, na yi mata bayani. Ta yi 'yar dariya.

"Nawa, asibiti ya zubar. Shi ya sa, ko? Can suna ce mini koma gida. Nan suna ce mini Baturiya."

Abin da manya suke faɗa ne tsaye a gabana, da almakashi a hannu. Ta miƙo hannu za ta shafa kan yaron, na goce. Na ga fuskarta ta canza. Har yau in na tuna kunya nake ji, don ba ta yi mini komai ba sai alheri, amma ranar ko na gode ban ce ba.

Ban koma Nyohini ba. Na ce wa mai yalo-yalo Kukuo.

Surukina yana gindin darbejiya yana ɓarar gyaɗa. Ya dube ni, ya dubi goyon. "Arba'in ta yi ne ban sani ba?"

Na durƙusa. "Baba, don Allah a binne yau."

Na buɗe tafin hannuna, ya ga cibiyar. Bai ƙara tambaya ba, ya tashi ya ɗauko fartanya, ya haƙa a gefen rumbu, ya yi bismilla ya saka, ya mayar da ƙasa. Na ce ramin bai yi zurfi ba, kaji za su tone. Ya yi tsaki, amma ya mirgino dutse ya ɗora.